Baban Umaima

Duk mai shiga kasuwar shanu ta Mubi ya san Gabdo dillali. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma bijimin da ya gagari samari wurin loda tirela, shi zai zo ya tsaya a gefensa ya yi masa ƙus-ƙus, sai ka ga dabba ta sauke kai ta bi shi kamar tun tana maraƙi ta san shi. Mutumin Mayo Bani ne, Bafulatani ɗan gidan kunya. Ya yi gida a unguwar Shuware da matarsa Juwairiya da 'ya'ya biyu. Ta biyun ita ce Umaima, yarinya mai surutu kamar an kunna rediyo. Na farin kuwa namiji ne, sunansa Mubashshir. Ni na faɗa muku sunan, don in kuka tsaya jiran Gabdo ya faɗa, wallahi sai ku kwana a nan.

Kada ku ɗauki alhakinsa, ba ƙiyayya ba ce. Al'ada ce. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka uban Gabdo ya yi wa babban ɗansa Mahmoud har uban ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa tsohon ba ya son ɗansa. Saboda haka a bakin Gabdo yaron ba shi da suna sai “wancan” ko “yaron nan”. Shi kuma Gabdo, tun da aka haifi yarinyar, kowa a gidan ya samu sauƙin abin kiransa: Baban Umaima.

Mahaifiyar Gabdo, Inna Adi, ita ta karɓi yaron tun daga yaye, kamar yadda aka saba. Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ta so jikanta, amma sonta ya rufe wa kowa ido. In an yi wa yaron magana ya kau da kai bai dubi mutum ba, sai ta ce, “Kun gani? Kunya ce, ta gado.” In yara suna guje-guje shi yana gindin katanga yana jera marafan kwalba, ta ce, “Maigidana ba ya shiga shirme.” Sai da ya wuce shekarun da ya kamata a ce baki ya buɗe, aka ga ba ya faɗin komai sai abin da ya ji an faɗa, in injin niƙa na maƙwabta ya tashi kuma ya toshe kunnuwa yana ihu, sannan aka ce to fa, akwai magana. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Gabdo ya kai shi duk inda aka ce, wato dai ya sa an kai shi, shi yana tsaye daga nesa.

A daminar bara Inna Adi ta rasu. Daga nan duniyar Mubashshir ta koma mutum ɗaya. Ya kusa shekara tara, amma ba ya cin komai sai abin da Juwairiya ta ajiye masa da hannunta ta zauna kusa da shi, kuma abin bai wuce kunun gyaɗa da tuwon masara wanda miya ba ta taɓa ba.

To, ana nan sai Juwairiya ta dawo daga awon ciki wata rana, ta zauna a bakin tabarmar mijinta ba ta ko cire hijabi ba.

“Baban Umaima, likita ya ce kada in wuce watan nan a gida. Mabiyiya ta tare hanya. Sai an kwantar da ni a Yola har a yi mini aiki.”

Gabdo ya ajiye butar da ke hannunsa. “Allah ya sa a yi a sa'a. Sai Na'imatu ta zo ta riƙe gidan.” Na'imatu ƙanwarsa ce.

“Na'imatu za ta iya da Umaima. Shi fa? Ka manta lokacin da na je Maiha jana'izar kawuna? Ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta danne shi ta ɗura masa, ya amayar. Da na dawo leɓensa duk ya tsage.”

“Yunwa za ta koya masa.”

“Yunwa ba ta koya masa komai. Zama zai yi har ya faɗi. Ni ba wuƙar likita nake tsoro ba. Tsorona in tafi in haifo ɗaya, in dawo in tarar babu ɗaya.”

Gabdo ya san gaskiya ta faɗa.

“Maman Japhet ta ce ka zo ran Asabar,” in ji ta.

“Taron matan nan naku?”

“Akwai maza. Haba Baban Umaima, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Maman Japhet ɗin nan, sunanta Salome, tsohuwar malamar firamare ce, mutuniyar Vimtim, Kirista, tana zaune a Lokuwa. Tun bayan rasuwar Inna Adi Juwairiya ke zuwa wurinta. Duk Asabar da yamma iyayen yara irin Mubashshir kan taru a gindin mangwaron gidanta, ta koya musu yadda za su zauna da 'ya'yansu, su kuma su sauke mata abin da ke cikinsu. Japhet ɗanta ne na fari, ƙaton mutum har da gemu, ran Asabar ɗin shi ya tare su Gabdo a ƙofa ya gaishe su, ya sake gaishe su, sannan ya koma kan bencinsa yana rausaya jiki. Gabdo ya lura da abu ɗaya tun kafin ya zauna: matar nan da sunan wannan ɗan nata ake kiranta, kuma amsawa take yi da fara'a.

Zaman bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Wata mai hijabi ta ce a satin nan ta kulle kanta a banɗaki ta yi kuka don kada ta doki 'yarta. Wani mai walda, Jatau, ya ce an sake koro ɗansa daga makaranta don ba ya iya zama wuri ɗaya, ya ba da labarin yadda yaron ya haye teburin hedimasta, aka yi ta dariya har da shi, sannan ya share ido da bayan hannu. Gabdo ya ce a ransa, kai, wace irin rayuwa ce wannan, mutane suna shanya sirrin gidajensu a rana kamar dawa?

Da aka zo kansa, Maman Japhet ta juyo da kujerarta. Hausarta irin ta Mubi ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ya” ne.

“Malam Gabdo, sannu da zuwa. Matanka ya gaya mini komai. Ni ba likita ba ne. Na ɗan je horo, sauran kuma Japhet ne ya koya mini. Abin da ke damun yaran nan likita na ce masa otizim, a rediyo za ka ji an ce galahanga. Ba iska ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. To, mu fara. Yaya sunan yaronka?”

Gabdo ya dubi ƙasa. Juwairiya ta yi sauri ta ce, “Mubashshir.”

“Ba ke na tambaya ba.”

Jatau ya yi gyaran murya. “Madam, ɗan fari ne fa.”

“Na sani, Jatau, a ƙasan nan aka haife ni. Ban ce al'ada ba shi da kyau ba.” Ta sake duban Gabdo. “Yaro mai gane abu ba a faɗa ba, zai ga babansa ya kawo masa takalmin salla, ya san so ne, ko ba a kira sunansa ba. Amma yaronka ba ya karanta abin da aka ɓoye. Abin da kunnensa ya ji, shi ne gaskiya a wurinsa. Bari in nuna maka yadda ake masa magana.”

Mubashshir na can gefe ya tsince ganyen mangwaro yana jerawa a kan dakali. Maman Japhet ta je ta zauna a ƙasa, ba gabansa ba, gefensa. Ta bar shi ya saba da zamanta. Can ta nuna Juwairiya da yatsa.

“Mubashshir, wannan wane ne?”

“Mama,” in ji yaron, bai ɗago ba.

Ta nuna Gabdo. “Wannan fa?”

“Baban Umaima.”

Wasu suka yi murmushi. Ita ma ta yi, ta ce, “Yauwa. To ina baban Mubashshir?”

Yaron ya gyara wani ganye da ya karkace. Ya ce, “Babu.”

Ba da fushi ya faɗa ba, ba da kuka ba. Haka kawai, kamar an tambaye shi ko akwai ruwa a randa. Juwairiya ta ja hijabi ta rufe fuska. Gabdo ya miƙe, ya sa takalmansa, ya nufi ƙofa ba sallama.

A bakin ƙofa Maman Japhet ta cim masa tana haki. “Malam Gabdo, ka yi haƙuri. Allah ya sani ban san haka zai ce ba, da ban tambaye shi a gaban mutane ba. Ni na yi kuskure.”

“Ba ƙarya ya yi ba,” in ji Gabdo. Shi kansa bai gane muryarsa ba. “Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ce masa je wurin babanka. Sai dai a ce masa kauce, Baban Umaima zai wuce.”

“Duk wanda ka gani a gindin bishiyan nan akwai abin da ya yi cikin rashin sani. Kada ka tafi da wannan kai kaɗai, nauyi ne. Kuma ba mu da lokacin da-na-sani yanzu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu yau muka samu goran.”

A nan tsaye ta karanta masa abin da zai yi. Kullum bayan la'asar, lokacin da yaron ke jera marafansa, ya je ya zauna kusa da shi. Kada ya taɓa shi, kada ya nemi su haɗa ido. Abin da yaron ke yi, shi ma ya yi. Ya kira sunansa, sannan ya faɗi magana gajera. In Juwairiya ta kawo kunu, su riƙo kofin tare, a hankali ita tana janyewa. “Kuma in ya fara ci, kada ka gyara masa magana, kada ka yabe shi, kada ka motsa. Ka bar shi ya gama.” Ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta, ta ce ya kira ko wane lokaci.

Washegari Gabdo ya fara, kuma ya fara da ɓarna. Ya dawo daga masallaci da babbar rigarsa, ya je ya tsaya ƙiƙam a kan yaron, inuwarsa ta rufe marafan. Ya buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya cak. Abin da ya fito shi ne, “Kai.” Mubashshir ya zabura ya shige bayan duro, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Sai Gabdo ya yi dabarar maza. Ya shiga kasuwa ya samo wata motar wasa mai jiniya da fitilu, ya kawo ya kunna a tsakar gida. Wayyo! Ihun da yaron ya yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Umaima ce ta ci riba, ta ɗauke motar ta yi waje da ita. Gabdo ya kira Maman Japhet yana cewa abin nan ba zai yiwu ba.

“Na ce ka zauna,” in ji ta. “Ban ce ka saya ba.”

A kasuwa ya gane, ba a gida ba. An kawo wata karsana mai tsoro daga wajen iyaka, ta ƙi kowa. Gabdo ya kori samarin, ya zagaya ta gefenta, ya tsaya yana kallon wani wuri dabam kamar bai san da ita ba, ya bar ta ta saba da tsayuwarsa. Yana cikin haka sai abin ya faɗo masa a rai, har ya dafa turke. Ashe ya iya. Ashe tun yana yaro ya iya. Haƙurin nan da yake raba wa shanun mutane kyauta kowace ranar kasuwa, ɗan cikinsa bai taɓa samun ko cikin cokali ba. Ya tsaya a gefen karsanar nan, cikin ƙugin tireloli, ya faɗi sunan a hankali, inda ba mai ji sai ita. Sunan ya yi masa nauyi a baki kamar yaren da bai iya ba.

Da yamma ya tuɓe babbar riga, ya zauna a ƙasa nesa da yaron, ya jingina da katanga yana kallon randa. Mubashshir ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da jeri. Kashegari Gabdo ya ɗan matso. Haka aka yi ta yi har wata rana ya ɗauki wani jan marfi ya ajiye a ƙarshen layi. Yaron ya dubi marfin. Ya ɗauke shi, ya mayar da shi can inda jajaye suke, ya sa kore a gurbinsa. Bai gudu ba. Juwairiya da ke leƙe ta labule ta ce ranar nan mijinta ya shigo ɗaki yana murmushi kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Amma sunan fa ya ƙi fita a cikin gida. Da ya buɗe baki sai ya ga kamar Inna Adi na zaune a ƙofar ɗakinta tana kallonsa. Kunu kuma, in hannun Juwairiya na kan kofin, yaron zai sha. In ta janye ya rage hannun Gabdo kaɗai, sai ya kau da kai kamar an ajiye dutse. Ta yi ta ce masa, “Mama za ta Yola, Mama za ta dawo. Babanka zai ba ka kunu.” Shi kuma ya maimaita, “Babanka zai ba ka kunu,” da muryarta sak, yana kallon katanga, bai haɗa maganar da kowa ba.

Ana haka wata yamma yayan Gabdo, Mahmoud, ya zo daga Mayo Bani duba Juwairiya. Ya yi sallama ya shigo, sai ga ƙaninsa zaune dirshan a ƙasa, ƙafafu a miƙe, yana jera marafan kwalba da ɗansa na fari.

“Subhanallahi! Gabdo, kunya ta ƙare a gidan nan ne?”

Gabdo ya tashi ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bayan sun gaisa ya ce, “Hamma, in tambaye ka. Da Baba bai taɓa kiran sunanka ba, abin bai dame ka ba?”

“Me zai dame ni? Na san ubana ne.”

“To yaron nan bai sani ba.”

Mahmoud ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, “Ran da Baba zai cika, ni ke riƙe da kansa. Ya kira ka, ya kira Na'imatu. Na yi ta jira.” Ya miƙe ya karkaɗe riga. “Amma dai ka riƙa rufe ƙofa, mutane na wucewa.”

Ranar tafiya ta zo kamar an turo ta. Da safe aka kawo keke-napep har ƙofar gida, yayar Juwairiya na ciki za ta raka ta tasha su wuce Yola. Juwairiya ta ba yaron kunu da hannunta, ta zauna har ya shanye, ta koya wa Na'imatu yadda ake dama shi, kada ya yi kauri, kada ya yi zafi, kada a sa tsamiya da yawa. A bakin ƙofa ta juyo ta dubi mijinta. Shi ya ce, “Ki tafi da hankalinki. Ina nan.”

Mubashshir bai yi kuka ba. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon inda keken ya sha kwana, ya wuni a nan. La'asar ta yi bai je wurin marafansa ba. Aka kawo kunu, ko kallo bai ishe shi ba. Aka kawo ruwa, haka. Da gari ya waye ya koma bakin ƙofar, ya tsaya har ƙafafunsa suka gaji, ya zauna. Kafin azahar leɓensa ya bushe, idanunsa sun faɗa. Juwairiya ta kira daga gadon asibiti, maganarta ta farko ita ce, “Ya ci?” Gabdo ya ce ana kan ƙoƙari.

“Hamma, ka riƙe mini shi kawai in ɗura masa,” in ji Na'imatu. “Ko rabin kofi ne ya shiga.”

“A'a.”

“To mu zuba ido ya mutu?”

Gabdo ya fita zaure ya kira Maman Japhet. Ta saurare shi har ya gama, ta tambayi ko yaron ya yi fitsari, ta ce in har magariba ta yi bai sha komai ba, kada ya tsaya shawara da kowa, ya ɗauke shi sai asibiti a sa masa ruwa. “Zai yi ihu, za a danne shi, zai daɗe bai yarda da kai ba. Amma rai ne gaba. Kafin nan, in la'asar ya yi, ka je ka zauna a wurinku.”

“Maman Japhet,” in ji Gabdo, ya tsaya. Mutumin da bai taɓa faɗa wa ko matarsa irin wannan magana ba. “Tsoro nake ji.”

“Na san irin shi. Ka zauna da tsoron, ba zai hana ka zama ba. Ina riƙe da waya a hannu.”

Da ya idar da la'asar ya ce wa Na'imatu ta kai Umaima maƙwabta, ta damo sabon kunu. Ya karɓi kofin da kansa. Bai je bakin ƙofa wurin yaron ba. Ya je gindin katanga ya zauna inda ya saba zama, ya zazzage gwangwanin marafan a ƙasa, ya fara jerawa shi kaɗai, ja a cikin kore, kore a cikin fari, duk a hargitse. Rana ta fara sauka kan rufin maƙwabta.

Sai ya ji takun ƙafa a bayansa, a hankali, ana jan ƙafar. Yaron ya zo ya tsaya yana kallon layin. Ya daɗe. Sannan ya durƙusa, ya ɗauke jan marfi daga cikin koraye ya mayar da shi wurinsa.

Gabdo ya tura kofin tsakaninsu. Ya kafe idonsa a kan randa.

“Mubashshir.”

Sunan ya fito a karye, rabi murya rabi iska. Na'imatu da ke bakin madafa ta dafe baki ta shige ɗaki, don ita ma kunyar ta kama ta. Yaron bai juyo ba. Me zai sa ya juyo? Bai taɓa jin wannan suna cikin wannan murya ba.

“Mubashshir. Kunu.”

Shiru. Ƙarar marfi kan siminti. Wani marfin. Ladanin wani masallaci can nesa ya fara gwada lasifika, gaban Gabdo ya faɗi, don ya san magariba ta matso. Bai motsa ba. Bai sake magana ba. Ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu, ya bar ta.

Sai ya ji an ja kofin.

Bai waiwaya ba. Wallahi wuyansa har ciwo yake don son ya waiwaya, amma ya riƙe. Ya ji kurɓar farko, ƙarama, ta gwaji. Ya ji ta biyu. Daga nan sai ƙwat-ƙwat na maƙogwaron yaro mai ƙishi. Hawaye suka zubo wa Gabdo suka jiƙa gaban rigarsa, ya kasa ko sharewa don kada hannunsa ya motsa. Ba murna kaɗai ba ce, baƙin ciki ya fi yawa a ciki. Abin ke nan fa. Zama a ƙasa, da suna, da kofi. Da ya yi shi tun yaron na rarrafe, da wa ya isa ya hana shi? Shekarun nan duka yana wucewa ta tsakar gidan nan ana kawar masa da ɗansa daga hanya, shi kuma yana jin daɗi ana cewa Gabdo akwai kunya. Ba za su dawo ba, ko ɗaya.

Kofin ya taɓa gwiwarsa. Yaron ne ya turo shi, fanko, har ya lashe bakin. Kuma a karon farko tun da Allah ya kawo shi duniya, Mubashshir ya yi wa mahaifinsa magana, shi da kansa, ba maimaici ba.

“Baban Umaima. Ƙari.”

Gyaran ya zo wa Gabdo har kan harshe. Ya haɗiye shi. An ce masa in yaron na ci kada ya gyara masa magana, kuma ko ba a ce ba, wa zai gyara wa? Yaron bai yi kuskure ba, sunan da aka koya masa ya kira.

“Na'am,” in ji Gabdo. Ya ɗauki kofin, ya dafa katanga ya miƙe da matacciyar ƙafarsa, ya ɗingisa zuwa madafa.